NA'URAR GWAJIN KAYAN LANTARKI: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

1. Dalilin Wannan Bayani

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Ɗanbatta da maƙwabtanta, sabo da wani irin ƙorafi da zamani ya kawo. A da, abin da ya kan kawo talaka gaban hakimi shi ne iyakar gona, ko ɓarnar dabbobi, ko gardamar awo a kasuwa. Yanzu an sami ƙari. Wani zai zo ya ce mitar wutarsa tana cin kuɗi fiye da ƙima. Wani ya ce kayan sola da ya sayo sun ƙone masa firiji. Wani kuma ya ce mai gyara ya karɓi kuɗinsa, amma rediyo har yanzu sai ƙugi.

Wahalar irin wannan magana ita ce, ba a ganin lantarki da ido. In an yi gardamar hatsi, sai a kawo mudu a auna a gaban kowa, magana ta ƙare. In an yi gardamar lantarki kuwa, mai ƙara da wanda a ke ƙara duka zato su ke yi, hakimi kuma ba shi da abin da zai riƙa.

Amma fa lantarki ma yana da mudunsa. Akwai wata na'ura wadda masana su ke gwada kayan lantarki da ita, Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa uku, AWG. A cikin wannan bayani za a kira ta na'urar zubin lantarki. Ba a nufin hakimi ya saya ko ya koyi sarrafa ta. Abin da a ke nufi shi ne ya san akwai ta, ya san abin da ta ke iya tabbatarwa, domin ya san inda zai tura magana in ta zo gabansa.

2. Yadda Wutar Lantarki Ta Ke Tafiya

Lantarki iri biyu ne. Na batir da na faifan sola gefe guda ya ke kwarara, kamar ruwan rafi. Wanda ya ke zuwa gidaje ta wayoyin da ke bisa turaku kuwa, kai da kawowa ya ke yi: ya tura gaba, ya ja da baya. A Nijeriya an ƙayyade ya yi haka sau 50 cikin sakan ɗaya, watau sau 3,000 cikin minti ɗaya. A Amurka sau 60 ne. Yawan wannan kai da kawowa cikin sakan shi a ke kira hats, a na'urori a kan rubuta shi Hz. An samo sunan daga wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya tabbatar cikin 1887 da 1888 cewa lantarki yana iya ratsa sarari ba tare da waya ba. A 1960 aka sa sunan cikin ma'aunan da ƙasashen duniya su ka amince da su.

In aka zana wannan kai da kawowa bisa takarda, sai ya fito kamar kunyoyin gona in an dube su daga gefe: tudu, kwari, tudu, kwari, babu kusurwa ko ɗaya. Wannan zane shi a ke nufi da zubin lantarki. Abu uku a ke dubawa a cikinsa. Na fari saurinsa, watau kunya nawa cikin sakan. Na biyu ƙarfinsa, watau tsayin kunyar, wanda a ke aunawa da bolt. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ko da ya ke wannan matsakaicin ƙarfinta ne, gama a ƙololuwar tudu ta kan kai wajen bolt 325. Na uku siffarsa. Zubi mai laushi irin na kunya shi ne na wuta mai kyau. Akwai mai kusurwa huɗu, wanda ya kan hau tsaye ya sauka tsaye kamar bulo da aka jera da rata tsakani, akwai kuma mai kama da haƙoran zarto.

Muryar mutum cikin lasifika, da maganar da gidan rediyo ya ke watsawa, da bugun zuciya in an ɗauke shi da na'urar asibiti, kowanne zubi ne na lantarki, kowanne da siffarsa. Akwai na'ura mai gilashi wadda ta ke nuna zubi a gan shi da ido, za a kira ta madubin lantarki. Asalinta daga wani kwalban gilashi ne da Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897.

3. Dutsen Awo

Ma'aikacin awo in ya zo duba sikeli a kasuwa, ba ya ɗora buhun da ba a san nauyinsa ba. Dutsen awo ya kan ɗora, wanda an riga an tabbatar da nauyinsa. In sikeli ya nuna daidai da dutsen, sikelin na ƙwarai ne. In ya saɓa, laifin sikeli ne, gama babu shakka a kan dutsen.

Hakanan gwajin kayan lantarki ya ke. Ba shi yiwuwa a gwada mita da wutar da ke zuwa daga turke, domin ita kanta wutar tana hawa tana sauka, ba a san haƙiƙaninta ba. Lalle ne a sami wuta wadda an san saurinta, da ƙarfinta, da siffarta, a shigar da ita cikin abin da a ke gwadawa, sa'an nan a dubi abin da ya fito. Na'urar zubin lantarki ita ce mai ba da wannan sananniyar wuta. Watau ita ce dutsen awo, madubin lantarki kuwa shi ne idon mai awo.

4. Asalin Na'urar

A 1822 wani masanin lissafi na ƙasar Faransa, Joseph Fourier, ya buga littafinsa a kan yadda zafi ya ke ratsa abubuwa. A ciki ya nuna cewa zubi mai maimaita kansa, kome karkacewarsa, ana iya haɗa shi daga zubi masu laushi da yawa, wani mai sauri wani mai nawa, in an ɗora su bisa juna. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin aikin gwaji har yau.

Na'urorin farko zubi ɗaya kaɗai su ke iya bayarwa, watau mai laushi. Wadda ta yi suna cikinsu ita ce wadda William Hewlett da David Packard su ka fara sayarwa a 1939, daga wani ɗan garejin mota a garin Palo Alto na Amurka. Kamfanin Walt Disney ya sayi guda takwas domin gwada kayan sauti na wani fim da ya fito a 1940. Daga baya aka ƙera waɗanda su ke ba da zubi uku ko huɗu, mai aiki ya murɗa maɓalli ya zaɓi wanda ya ke so.

Waɗannan duka kamar makaɗi ne wanda ya iya take uku ko huɗu, ba ya wuce su. Da ilmin kwamfuta ya bunƙasa, sai aka sami na'urar da a ke magana a kanta. Ita kamar gwanin kalangu ce: kowane take aka ba ta, za ta kaɗa shi yadda aka ba ta, ta kuma maimaita shi sau dubu ba ta sāke ko bugu ɗaya ba.

5. Yadda Ta Ke Aiki

Malamin hakimi zai fi kowa saurin fahimtar wannan, gama aikin ya yi kama da na littafin lissafi. Mai gwaji ya kan ɗauki zubin da ya ke so, ya yanka shi ƙanana ƙanana, ya auna tsayin kowane yanki, ya rubuta shi da lamba. Sai zubin ya zama dogon jerin lambobi, layi bayan layi. A kan zuba jerin cikin ma'ajiyar na'urar, ko dai daga kwamfuta, ko ta maɓallan da ke gabanta. Na'urar tana da agogo a cikinta. Duk bugun agogo sai ta karanta lamba ɗaya, wani sashe nata ya juya lambar ta zama ƙarfin lantarki daidai gwargwadonta. In ta kai ƙarshen jerin sai ta komo farko.

Abin da ya ke fitowa da fari matakala ce mai ƙananan matakai. Sai ya bi ta wani sashe mai goge kaifin matakan, kamar yadda magini ya kan shafe bango bayan ya jera tubali. Mai ɗinkin hula ya san wannan: da ƙananan ɗinki madaidaita ya ke fitar da zane mai lanƙwasa, gwargwadon ƙanƙantar ɗinkin gwargwadon kyan lanƙwasar.

Da abubuwa biyar a ke bambanta na'ura mai kyau da ta kasa.

(a) Saurin karantawa. In ana so a fitar da wuta mai hats 50, kowace kunya kuma an yanka ta kashi 1,000, lalle ne na'urar ta karanta lambobi 50,000 cikin sakan ɗaya. Akwai ƙa'ida wadda Harry Nyquist ya share wa hanya a 1928, Claude Shannon ya tabbatar da ita a 1949, cewa dole saurin karantawa ya wuce ninki biyu na mafi saurin kai da kawowa da ke cikin zubin. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga hats 20 zuwa wajen 20,000, shi ya sa faifan CD ya ke da lambobi 44,100 ga kowane sakan. Na'urorin gwaji na zamani su kan karanta miliyoyi cikin sakan, manyansu har biliyoyi.

(b) Yawan matakai. Mai awo da tiya kaɗai ba zai iya fitar da rabin gwangwani ba. Hakanan na'ura tana da iyakar ƙanƙantar matakin da ta ke iya rarrabewa. A kan faɗi wannan da wata lamba da a ke kira bit. Mai bit 8 tana da matakai 256, mai 12 tana da 4,096, mai 14 tana da 16,384, mai 16 kuwa 65,536.

(c) Girman ma'ajiya. Na'ura mai ɗaukar lambobi 16,000, in tana karanta 50,000 cikin sakan, za ta ƙare jerinta kafin sulusin sakan. Mai ɗaukar miliyan ɗaya za ta yi sakan 20 ba ta maimaita ba. Wannan yana da amfani in ana so a kwaikwayi abin da ya kan faru jifa jifa.

(d) Yawan ƙofofi. Wata ƙofa ɗaya gare ta, wata biyu, wata huɗu. Manyan injuna, irin na niƙa da na manyan rijiyoyin burtsatse, da wuta mai layi uku su ke aiki, kowane layi yana bin bayan ɗan'uwansa da sulusin kunya. Gwajin kayan irin wannan wuta yana bukatar zubi uku masu tafiya tare bisa wannan tsari.

(e) Iya kwaikwayon aibi. Wannan shi ne babban fifikonta bisa na'urorin da. Mai gwaji yana iya rubuta mata wuta mai kyau, sa'an nan ya sa mata aibi da gangan: faɗuwar ƙarfi na ɗan lokaci, ko zabura farat ɗaya irin wadda tsawa ta kan jawo da damina, ko gurɓata irin wadda na'urorin caji da injin walda su kan sa wa layi. Har yana iya ɗauko zubin wutar wani gari da madubin lantarki, ya kawo ɗakin gwaji ya sa na'urar ta maimaita shi. Ta haka a ke sanin ko kaya za su jure wa wutar da za su tarar a ƙauye tun ba su bar masana'anta ba.

6. Abin Da Ba Ta Yi

Kada a ɗauka wannan na'ura janareta ce. Ba ta kunna fitilun gida, ba ta juya injin ban ruwa. Abin da ta ke fitarwa ɗan kaɗan ne, galibi bai wuce bolt 10 ko 20 daga tudu zuwa kwari ba. In gwaji yana bukatar ƙarfi irin na wutar gida, sai an haɗa ta da wata na'ura mai ƙara ƙarfi. Ba ta kuma gyara kome, nuna aibi kaɗai ta ke taimakawa a yi. Ita kanta a kan kai ta lokaci lokaci a gwada ta da wadda ta fi ta inganci, a ba ta takardar shaida mai kwanan wata, kamar yadda a kan gwada dutsen awo da dutsen hukuma.

7. Inda Aikinta Ya Shafi Talakawa

Mitar wuta. Ran 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wutar lantarki ga kamfanoni, kamfanin KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa. Gwajin mita kuwa ba a bar shi hannun mai sayar da wuta ba. Dokar 2015 ta kafa hukumar NEMSA, wadda ta ke da tashoshin gwajin mita a Oshodi cikin Legas, da Kaduna, da Fatakwal. A can a kan jera mitoci bisa teburin gwaji, a ba su wuta wadda aka ƙaga ta hanyar da aka bayyana a sama, a kwatanta lissafinsu da na wata mita mai inganci ƙwarai. Mitar da aka rubuta wa aji na ɗaya, kuskurenta bai kamata ya wuce ɗaya cikin ɗari ba. Watau in an sha wuta ma'auni 100, abin da za ta nuna tsakanin 99 ne da 101. Mitar da ta ci gwaji a kan sa mata hatimi da alamar hukuma.

Kayan sola. Faifan sola da batir wuta mai gefe guda su ke bayarwa, sai inbata ta juya ta ta zama mai kai da kawowa. Inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da zubi mai laushi, akwai mai arha wadda zubinta matakala ce mai kaifi. Bisa lissafin Fourier, irin wannan zubi yana ɗauke da waɗansu masu sauri a ɓoye cikinsa, kamar hats 150 da 250. Ƙwan fitila bai cika damuwa da su ba, amma duk abin da ke da mota a ciki, kamar fanka da firiji da injin jawo ruwa, su kan sa shi ƙugi da zafi, su rage masa kwana. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas, wanda ya sayar da hatsinsa ya sayi kayan sola, yana iya hasarar injinsa ta wannan hanya, alhali injin ba shi da laifi, mai haɗawa ma watakila bai sani ba. Madubin lantarki yana raba wannan gardama cikin minti ɗaya.

Kayan asibiti. Na'urar da ke zana bugun zuciya bisa takarda tana ɗaukar lantarkin da jiki ya ke fitarwa, wanda bai wuce wajen kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba. Ba a gwada ta da majiyyaci, gama ba a san abin da zuciyarsa za ta nuna ba. A kan haɗa ta da wata ƙaramar na'urar zubi mai kwaikwayon zuciya. Bisa ƙa'ida, kashi ɗaya cikin dubu na bolt zai ɗaga alƙalami milimita 10, takarda kuma tana tafiya milimita 25 cikin sakan. In aka ba ta bugu 60 cikin minti, lalle ne tsakanin bugu da bugu ya zama milimita 25. In ya saɓa, na'urar tana iya sa likita ya ga ciwo inda babu, ko ya kasa ganinsa inda ya ke.

Rediyo da wayar hannu. Lambar da a ke kama tasha da ita saurin zubinta ne. Gidan rediyon Freedom na Kano yana kan 99.5, watau kai da kawowa sau 99,500,000 cikin sakan. Masu ƙera rediyo da waya su kan ba su zubi irin na tasha, su yi ta rage ƙarfinsa, su ga inda akwatin zai daina ji. Wannan ne ya ke nuna wanda zai yi aiki a ƙauyen da ke nesa da tasha.

8. Abin Da A Ke Bukata Ga Hakimai Da Malamai

Na ɗaya, in ƙarar mita ta zo, malami ya rubuta sunan mai ƙara, da lambar mitar, da ranar da aka kafa ta, da kuɗin da ya saba biya da wanda ya ke biya yanzu, ya kuma duba ko hatimin yana nan lafiya.

Na biyu, a gargaɗi talakawa kada kowa ya buɗe mita, ko ya kira mai gyara ya taɓa ta, ko ya zagaye ta da waya. Wannan laifi ne a doka, yana jawo gobara da hasarar rai, yana kuma kashe ƙarar mai ƙara ko da shi ke da gaskiya.

Na uku, a kai ƙara a rubuce ga ofishin kamfanin wuta tukuna, a nemi a gwada mitar, a ajiye kwafin takardar. In ba a sami biyan bukata ba, a ɗaukaka ta zuwa hukumar da ke kula da sha'anin lantarki. Ta tarayya ita ce NERC, wadda aka kafa bisa dokar 2005, dokar 2023 kuma ta ba jihohi ikon kafa tasu.

Na huɗu, in jama'a sun haɗa kuɗi za su sayi kayan sola domin masallaci, ko makaranta, ko ɗakin shan magani, ko rijiyar gari, a sa mai sayarwa ya rubuta a rasit irin zubin da inbatar ta ke fitarwa, da ƙarfinta, da tsawon lamunin da ya bayar. In kuɗin da yawa, ya kyautu a nemi masani ya duba da madubin lantarki kafin a gama biya. Ana samun masu wannan ilmi a makarantun da ke koyar da aikin lantarki, kamar Jami'ar Bayero ta Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda ba ta da nisa da Ɗanbatta.

Na biyar, kada a ɗora wa kowa laifi bisa zato. Mai sayarwa, da mai haɗawa, da mai gyara, da mai kaya, kowanne yana iya zama mai gaskiya. A jira sakamakon gwaji a rubuce, mai ɗauke da sunan wanda ya yi shi da kwanan wata, sa'an nan a yi sulhu bisa abin da ya nuna.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni a taronsu na gaba, malamai kuma su ajiye kwafi ɗaya cikin fayil na ofis domin dubawa in bukata ta taso.